Tafasa ko rai-ɗore, yaɗiya ko fataka: yadda ake bambanta hakukuwan daji masu kama da juna a yankin Gidan Rumji

Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, ganyen daji ne ke riƙe tukunyar gidaje da yawa a gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa cikin jihar Maraɗi. Mata da yara kan fita da safe su yo tafasa, yaɗiya, gasaya, lalo, yoɗo da rukuɓu. A yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a yi dambu ko miya, abin da ya rage a shanya don rani ko a kai kasuwa. A shekarar ƙarancin cimaka irin ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, waɗannan ganyaye sun zama abincin yini a ƙauyuka da dama.

Sai dai kusan kowane ɗayansu yana da wani haki mai kama da shi da ke tsirowa a gefensa. Wani ba ya ciyuwa, wani maganin wankin ciki ne, wani kuma guba ne ga mutum da bisashe. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ga alamomin da ake bi a raba su a gona, ba tare da wani kayan aiki ba.

Wurin da suke tsirowa

Garin Gidan Rumji yana bisa babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 50 arewa maso yammacin Maraɗi. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Agye da Gazawa suna gabas da Maraɗi bisa wannan hanya. A akasarin shekaru ruwan da ake samu a yankin yana tsakanin milimita 400 zuwa 600, daga Yuni zuwa Satumba.

Mai tsinkar ganye yana haɗuwa da ƙasa iri 3. Akwai jigawa mai rairayi inda ake noman hatsi, wake da gyaɗa. Akwai fadama da bakin tabki, musamman cikin kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ya fito daga ƙasar Katsina ya ratsa Madarumfa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya. Sannan akwai bayan gari, inda juji da makwantar shanu suka sa ƙasa ta yi taki. Bayan gari ne ya fi haɗari, domin nan ne gasaya da rukuɓu da ake ci suke tashi tare da rai-ɗore da zaƙami, kuma nan ne yara suka fi wasa.

Abin da ake dubawa

Girman haki da launin ganyensa ba abin dogaro ba ne. Tafasar da ta samu taki tana iya wuce ƙugun mutum, ta jigawa kuwa ba ta kai gwiwa ba, alhali iri ɗaya ne. Alamomin da ba su canzawa su ne:

Ƙirgar ganye. A duba ko ganyen falle ɗaya ne ko kuwa ƙananan ganyaye ne jere bisa tsinke ɗaya. In jere ne, a ƙirga su, a duba bakinsu ko mai tsini ne ko mai dausayi.

Ruwan jiki. A karya reshe a ga abin da zai fito, ruwa garai-garai ko farin nono.

Fure da kwanso. Su ne shaida mafi ƙarfi. Hakin da bai yi fure ba, a nemi babbansa a kusa, ko busasshen karan bara mai sauran kwanso.

Taɓi da wari. A murza ganyen tsakanin yatsu a ji ko santsi gare shi, ko gashi, ko danƙo, a kuma sunsuna. Ba a gwada hakin da ba a sani ba da harshe.

Suna ma yana ruɗarwa. Icen da ake kira kinkeliba a Senegal da Mali, wanda ake dafa ganyensa kamar shayi, shi ne geza a Hausa, masana na ce masa Combretum micranthum. Amma a Nijar akwai masu kiran rai-ɗore da wannan suna, har littattafan Faransanci suna ce masa kinkelibar ƙarya. Wanda ya ji amfanin kinkeliba a rediyo ya je ya tsinko rai-ɗore ya ɗauko wani abu dabam. A gefe guda kuma sunayen Hausa sukan yi gargaɗi da kansu. Idan aka jingina haki ga dabba, kamar gautan kura, albasar kura ko albasar kwaɗi, sau da yawa ana nufin ya yi kama da na gida amma ba abincin mutum ba ne.

Tafasa, rai-ɗore da filasko

Su ukun dangi ɗaya ne, duk furensu rawaya ne, shi ya sa fure ba ya raba su. Ganye da kwanso ne ke rabawa.

Tafasa, wadda masana ke kira Senna obtusifolia, tsofaffin littattafai kuma Cassia tora, tana da ƙananan ganyaye 6 daidai a kowane tsinke, 3 a dama 3 a hagu. Bakinsu mai dausayi ne, sun fi faɗi daga sama, kuma biyun ƙarshe sun fi sauran girma. Tsakanin biyun farko akwai wani ɗan ƙullutu siriri a tsaye. Kwansonta siriri ne dogo, yakan kai santimita 15 ko fiye, a lanƙwashe kamar lauje. Ƙwayarta mai kusurwa ce, mai sheƙi. Ɗanyen ganyenta ake ci bayan an dafa. A Sudan da Cadi ana ruɓar da shi a yi wani abin miya da ake kira kawal.

Rai-ɗore, wanda wasu ke ce wa sanga-sanga, masana kuma Senna occidentalis, yana da ƙananan ganyaye 8 zuwa 10 a yawancin tsinkaye, wani lokaci fiye. Bakinsu mai tsini ne kamar mashi. Ƙullutunsa baƙi-baƙi ne, yana can gindin tsinken, dab da kara. In an murza ganyen yana da wari mai ƙarfi. Kwansonsa shimfiɗaɗɗe ne, tsawon santimita 10 zuwa 12, yana kallon sama, tsakiyarsa ƙasa-ƙasa, gefensa da haske.

Mutane sun san rai-ɗore a matsayin maganin gargajiya, amma ƙwayarsa guba ce, musamman ɗanya. A gundumar Saharanpur da kewayenta, a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, an yi shekaru yara ƙanana suna mutuwa a ƙarshen kowace damina da wata cuta mai farawa da amai, ta kai ga suma. An daɗe ana zaton ƙwayar cuta ce mai kama ƙwaƙwalwa. Binciken da likitocin yara suka wallafa a 2007 ya danganta ta da cin ɗanyar ƙwayar wannan haki, wadda ke lalata hanta, tsoka da ƙwaƙwalwa, kuma akasarin yaran da cutar ta kwantar ba su tashi ba. Hakin da ya yi wannan ɓarna shi ne wanda ke bayan gari a nan. Shanu, tumaki da kaji ma yana kama su idan ƙwayar ta shiga dusa ko hatsi: dabba ta yi rauni, fitsarinta ya yi duhu, ta kwanta ta kasa tashi.

Filasko, wato Senna italica, shi ne ya fi saurin ruɗar mai neman tafasa, domin bakin ganyensa mai dausayi ne kamar nata. Bambancin shi ne ƙananan ganyayensa sun fi 6 a yawancin tsinkaye, launinsu toka-toka ne, kuma hakin gajere ne mai bajewa daga saiwa mai ƙarfi da ke sake tohowa kowace shekara. Kwansonsa gajere ne, shimfiɗaɗɗe, mai siffar ƙoda, da wani tudu-tudu a tsakiyarsa. Filasko maganin wankin ciki ne mai ƙarfi. In ya shiga kwaɗo yana sa murɗa da zawo, abin da ke da haɗari ga ƙaramin yaro da mace mai ciki.

A taƙaice: ganye 6 masu dausayi da kwanson lauje, tafasa ce. Ganye masu tsini da wari, rai-ɗore ne. Ganye masu toka da kwanson ƙoda, filasko ne.

Yaɗiya da fataka

Dukansu suna yaɗo a ƙasa ko su nannaɗe ƙaya, dukansu ganyensu biyu-biyu ne suna fuskantar juna, kuma dukansu suna zama kore bayan sauran haki ya bushe. Dangin tumfafiya ne, shi ya sa idan kwansonsu ya fashe iri ke tashi da farin gashi kamar auduga.

Yaɗiya, wadda aka fi sani da Leptadenia hastata, ganyenta ya fi tsawo bisa faɗi, kore ne mai haske, yana ƙarewa da tsini. Siffarsa tana canzawa ko a jikin reshe ɗaya, don haka ba a tsayawa ga ganye kaɗai. In an karya reshe, ruwan da ke fitowa garai-garai ne mai ɗan danƙo. Furanninta ƙanana ne, a dunƙule, masu launin fari da ɗan kore, kuma ana cin su tare da ganyen. Kwansonta sumul ne, dogo, mai tsini. Tsohon karanta yana yin ɓawo mai tsattsagewa.

Fataka, wato Pergularia tomentosa, ganyenta mai siffar zuciya ne, faɗinsa kusan daidai da tsawonsa, launin toka, da gashi mai laushi kamar ƙarammiski. Da an karya ta farin nono ke zubowa da yawa. Kwansonta yakan fito biyu-biyu, da ƴan ƙayoyi masu taushi a jikinsa. Majema sun daɗe suna amfani da ita wajen tuge gashin fata, wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfinta. Tana ɗauke da gubar da ke taɓa bugun zuciya, irin wadda ke cikin tumfafiya, kuma shanyawa ba ta kashe wannan guba. Bisashe suna ƙin ta a makiyaya, shi ya sa take yawa a wuraren da kiwo ya cinye, amma mai yankan haki ya kula kada ta shiga dami. Nononta in ya shiga ido a wanke nan take da ruwa mai yawa.

Gwajin karya reshe ya isa a nan, kuma yaro ɗan shekara 7 yana iya koyonsa: farin nono, a bari.

Gasaya da ƴar'uwarta mai rawayan fure

Gasaya, wato Cleome gynandra, ganyenta kamar tafin hannu yake, yawanci da yatsu 5 bisa dogon tsinke. Furenta fari ne, wani lokaci da ɗan ja-ja, da dogayen zaruruwa da ke fitowa waje kamar gashin bakin kyanwa. Kowane kwanso yana rataye bisa dogon tsinke nasa. Tana son ƙasa mai taki, tana da ɗaci, shi ya sa ake tafasa ta a zubar da ruwan farko.

Akwai wata mai irin wannan ganye, Cleome viscosa, wadda furenta rawaya ne. Duk jikinta danƙo ne, rairayi yana manne mata, warinta ya fi na gasaya ƙarfi, kuma kwansonta yana tsaye yana kallon sama. Ruwanta yana iya sa fata ta yi ja da zafi. Mai neman gasaya ya nemi farin fure.

Lalo, yoɗo da garmani

Lalo yana da alama ɗaya da ke raba shi da sauran: a gindin kowane ganye, inda ya haɗu da tsinke, akwai ƴan wutsiyoyi 2 sirara kamar gashi, ɗaya a kowane gefe, suna kallon baya. Gefen ganyen kamar zarto yake, furen ƙarami ne rawaya. Iri 2 aka fi gani. Na jigawa, Corchorus tridens, kwansonsa siriri ne da ƴan ƙahoni 3 a baki. Mai faɗin ganye, Corchorus olitorius, wanda ake kira malohiya, kwansonsa ya fi kauri kuma ya fi son fadama. Ganyen duka biyun ana miya da shi, amma ƙwayar malohiya tana da gubar zuciya, don haka a ware kwanso kafin a daka busasshen ganye.

Yoɗo, wanda ake ce wa karkashi a Najeriya, ɗan'uwan riɗi ne. Furensa kamar ƴar kakaki yake, mai launin ja-ja da haske, kwansonsa gajere da ƙahoni 2 a gefe.

Garmani, wato Sida cordifolia, shi ne hakin da ya mamaye burtali da makiyaya da dama a jihar Maraɗi. Yana ƙarami ana iya ɗaukarsa lalo, don shi ma gefen ganyensa zarto ne, furensa rawaya. Amma ganyensa mai siffar zuciya ne, da gashi mai laushi ciki da baya, ba shi da wutsiyoyin nan 2, kuma maimakon dogon kwanso ɗan ƙwallo yake yi mai rarrabuwa, da ƴan ƙayoyi masu kama tufafi. Yauƙi ba ya raba su, domin garmani ma yana da shi.

Rukuɓu da zaƙami

Babban zaƙami ba ya ɓoyuwa. Furensa fari ne dogo kamar kakaki, yana buɗewa da marece, ɗansa ƙwallo ne mai ƙaya. Ana kiransa haukata-yaro, a Nijar kuma an san shi da sobi-lobi. Haɗarin yana wurin ƙaramin tsiro, wanda ke tashi cikin rukuɓu da alayyafo a juji da lambu, mai gaggawa ya haɗa da shi cikin tsinka. Ganyen zaƙami ya fi girma da kauri, gindinsa a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, kuma in an murza shi yana da wari mai hawa kai. Rukuɓu ba shi da wannan wari, kuma tun yana ƙarami yake fitar da zangarniyar ƙananan furanni kore.

Dukan jikin zaƙami guba ne, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ƙwayarsa tana iya shiga hatsi ko wake lokacin girbi. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, ɗaruruwan mutane sun kwanta, wasu suka rasu, bayan cin garin tallafi da bincike ya gano ƙwayar zaƙami ta gurɓata shi. Alamomin gubarsa su ne bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, zafin jiki ba tare da zufa ba, saurin bugun zuciya da sambatu.

Guna, gurji da masu ɗaci

Guna da gurji suna da ƴan'uwa na daji masu irin ganyensu da yaɗonsu. Wadda aka fi sani ita ce kwartowa, Citrullus colocynthis, wadda ta fi yawa idan aka nausa arewa. Ganyenta kaushi gare shi, ɗanta bai wuce girman lemo ba, yana komawa rawaya in ya nuna, cikinsa fari ne busasshe kamar soso. Ƙa'idar wannan dangi ɗaya ce: duk wanda aka ji yana da ɗaci mai tsanani a tofar, ko da a gona aka shuka shi, ko da duma ne ko kabewa. Abin da ke kawo ɗacin yana ƙona hanji, yana sa zawo har da jini, kuma wuta ba ta raba shi da shi.

Albasar daji da furen orkide

Da ruwan farko wasu tsirai masu albasa a ƙarƙashin ƙasa sukan fito da fure mai kyau, kamar albasar kwaɗi ta bakin tabki, mai farin fure da jan zane a tsakiya. Ba a cin albasarsu. Gwajin mai sauƙi ne: albasar gaske tana warin albasa, waɗannan ba su yi.

Kyan furen yakan sa a haɗa su da orkide, dangin da ke da iri fiye da 25,000 a duniya, cikinsu har da banila. Orkide sun fi son ƙasa mai laima, kamar tsaunukan Jos da Mambila a Najeriya, kuma irin da ke tsirowa a ƙasa, Eulophia, ana samunsa a dajin da ya fi namu ruwa. Furen albasar kwaɗi yana da fallaye 6 masu kama da juna. Na orkide kuwa falle ɗaya ya bambanta da sauran, ya zama kamar leɓe, kuma irinsa ƙanana ne kamar ƙura.

Idan an yi kuskure

A kai mutum gidan likita mafi kusa nan take, ko da bai fara nuna alama ba, domin gubar rai-ɗore takan ɗauki lokaci kafin ta bayyana. A tafi da reshen hakin, da kwanso ko fure in akwai, da sauran abincin da aka ci. Kada a tilasta amai, kada a ɗura wa wanda ya suma madara, mai ko jiƙo. A faɗa wa likita lokacin da aka ci da kuma sauran waɗanda suka ci. In dabba ce, a janye abincin da ake zargi, a kira ma'aikacin kiwo.

Inda ake tambaya

Tsofaffin mata masu tsinkar ganye da makiyaya su ne malaman farko, kuma fita tare da su sau 2 ko 3 a damina ta fi kowane bayani. Bayansu akwai ma'aikatan gandun daji da na noma a kowace gunduma, da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna a Maraɗi, da malaman ilimin tsirai na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Wanda zai kai masu haki ya ɗauko shi da ganye, fure da kwanso, ya shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, ya danne da abu mai nauyi, ya rubuta wuri da ranar da ya tsinko shi.

An daɗe ana haɗa sunayen Hausa da na masana. Likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirai da Hausa a 1916, Bernard Peyre de Fabrègues kuma ya tattara sunayen tsiran Nijar cikin harsunan ƙasa a shekarun 1970. Yau akwai manhajar waya irin Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka ƙirƙiro, mai ba da suna daga hoto. Tana taimakawa wajen samun hanya, amma takan yi kuskure, musamman ga ƙaramin tsiro marar fure. Ba a sa ganye a tukunya bisa shaidar waya kaɗai.

Ga iyaye da malaman makaranta, abu 3 sun isa a fara koya wa yara: a ƙirga ganyen tafasa ya cika 6, a bar duk mai farin nono, kuma kada a ci ƙwayar kowane kwanso na bayan gari.